Murfin Tankin Mai

"Tun yaushe ya fara wannan zafin?"

Kubra tana tankaɗe a bayan danga ta ji Lazaru, makaniken da aka ɗauko daga Tasawa, yana tambaya. Kafin mijinta Manzo ya buɗe baki, uwarsa Inna Rakiya ta amsa daga bakin zaure: "Tun makon da aka kawo mana amarya."

Ba wanda ya yi dariya.

Ɗan ƙaramin tarakta ne mai cokali a gaba, da shi Manzo ke kwasar taki yana kaiwa gonakin mutanen Cake kafin saukar damina. Da safe lafiya lau yake tashi. Kafin hantsi man da ke ɗaga cokalin ya yi zafi har tiyo ba ya taɓuwa, cokalin ya tsaya a sama yana rawa, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Lazaru ya canza filtir, ya wanke raga, ya ɗaure tiyo. Da ya kai hannu kan murfin tankin mai, Manzo ya tare shi. "Bar nan, maigida. Jiya na duba, a cike yake."

"To ai shi ma numfashi yake kamar mutum," in ji Lazaru. "Amma tunda ka duba, shi ke nan."

Washegari zafin ya dawo.

A bakin rijiya mata suka soma janye tulunansu idan Kubra ta iso. Mai farar ƙafa, haka ake raɗa. Inna ta yanke magana: in taraktan bai warke ba kafin ranar kasuwar Mayahi, yarinyar ta je gidansu ta ɗan huta. Kowa ya san irin hutun. Ko tsakar gida an hana ta ratsawa ta gefen da taraktan yake ajiye.

Manzo ne kaɗai ke tsaya mata. "Inna, ƙarfe ne fa. Ina ruwan ƙarfe da ƙafar mutum?" A ɗaki kuma ya ce, "Ki yi haƙuri, ni ban taɓa zargin ki ba." Da wannan maganar take iya haɗiye tuwo.

Sai dai ta lura da abu guda. Duk lokacin da aka kashe injin, tankin kan yi wani siririn fito, irin na tukunyar da aka danne wa murfi.

Ran Juma'a maza suka tafi masallaci, Inna ta kishingiɗa. Kubra ta tsallaka inda aka hana ta, ta sa gefen zane ta murɗe murfin. Iska ta fita da huci. A wuyan tankin, daidai inda yake shaƙa, an cusa wani ƙulli cikin leda. Ta zaro shi, ta mayar da murfin.

Asabar tarakta ya yini yana aiki, ko ɗumi bai yi ba. Inna ta ce addu'arta ce. Manzo ya shigo da tsire, yana ta fara'a.

A bayan rumbu ta kwance ƙullin. Laya ce ta tsari, rubutun malam, wanda ba ta iya karantawa. Amma a ƙasa an ƙara layi ɗaya da biro, da bokon da karatunta na aji uku ya isa ta gane: a kare wannan inji daga sharrin Kubra.

Ta tura takardar cikin murhu, ta ƙudurta ba mai jin wannan daga bakinta har abada. Rubutun biron ta san shi sarai, na Manzo ne.