Sifikar Baba Lawal

"Sifikar ta mutu, a canza min!" Baba Lawal, mai bugun bodin mota a Abossey Okai, ya dire laptop ɗinsa a kan kantar shagon da ya saye ta a Nima. Matarsa Mas'uda tana tsaye a bayansa.

Latifa mai tsaron shagon ta buɗe ta duba. "Baba, ka sa manhajar ƙara sauti, ka kuma ƙure ta. Idan ita ta fasa sifikar, garanti ya tashi. Wa ya sa maka?"

Baba Lawal bai tanka ba. Latifa ta ɗauka fushi ne, ta sassauta murya. "Bari dai mu gwada."

Tana danna wa'azin da yake saurara, shagon ya ɗauka. Mai koko da ke bakin ƙofa ta zabura har ludayi ya faɗi. Wani yaron motar haya ta trotro ya leƙo yana cewa, "Chale, masallaci kuka buɗe?"

Baba Lawal ya kara kunne, ya girgiza kai. "Kin ji ko? Kamar kukan sauro!"

Mas'uda ta daɗe tana kallonsa. "Ashe ba raini ba ne. Kullum sai in yi ta kira, ya yi min banza." Ta juya wajen Latifa. "'Yata, bar laptop ɗin, lafiyarta ƙalau. Mijin nan nake so a canza min, sai dai garantinsa ya daɗe da ƙarewa."

Baba Lawal ya washe baki. "Me ta ce? Za a canza?"