Gyalen Mogra

Duk unguwar Girgaon babu wanda bai san Banwari Lal ne ya raba silimar Bombay da babbar mawaƙiyarta ba. Shi yake faɗa da bakinsa, kuma ba ya gajiya.

"Mogra fa! Wadda in ta buɗe baki a majigi maza ke jifan allo da furanni. Fim huɗu ta yi ta ɓace. Kun san dalili? Ni. Ta durƙusa ta kama ƙafata, na ce Mogra, yi haƙuri, an riga an yi mini mata."

Tsohon kwandastan bas ne, mai tumbi da rinannen gashin baki. Shekara ashirin da biyar labarin nan yana yi masa rana. Da shi yake shan shayin kyauta, da shi yake kayar da matarsa Kausalya a kowace gardama. Da ta ɗaga murya sai ya yi ajiyar zuciya: "Ba laifinki ba ne. Ni da na bar Mogra saboda ke." Sai baiwar Allah ta haɗiye maganarta ta koma kicin.

Ranar Lahadin nan kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Gidan silimar unguwa zai sake haska fim ɗin Mogra na ƙarshe da rana, a rataya wa Banwari furanni, a ba shi kujerar bene kyauta har ƙarshen ransa. Tun da safe ya nufi shagon Sakharam wanzami.

Sakharam ɗan tsamurmurin tsoho ne mai ƙananan hannaye da tsohon huji a kunne. Sau biyu yake aske gemunsa a rana, kamar wanda aka yi wa dole. Magana ba ta dame shi ba.

"Yau ka kankare ni sosai," in ji Banwari. "Ka ga gyalen nan da take naɗawa a wuya a kowane fim? Ni na saya mata. Ko wanka za ta yi ba ta cire shi."

"Ko wanka," in ji Sakharam, yana wasa aska.

"Kuma da na tsince ta, muryarta kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Ni na koya mata jan numfashi."

Askar ta tsaya cak a maƙogwaron Banwari.

"Kai, lafiya?"

"Hannu ne ya tsufa, Banwari-ji."

"To ka tashi shago da wuri ka zo ka ga yadda ake karrama manya. Kodayake me wanzami ya sani a waƙa?"

Ƙarfe uku silima ta cika maƙil. An ɗauko Pestonji, tsohon da ya shirya finafinan Mogra, aka ajiye shi a gaba, ido ya tafi saura kunne. Kausalya na gefe cikin sari, zanenta na biki. Banwari ya hau dandamali, furanni har haɓa, ya share hawayen da babu.

"Jama'a, hannun nan nata mai laushi ya shafa kumatuna ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Ko cikin mutum dubu ta tsaya, da ido rufe zan nuna ta."

Aka tafa. Pestonji ya yi wani tari mai kama da dariya.

Aka kashe fitila, fim ya soma. Ga Mogra a bakin kogi, gyale naɗe a wuya, ta ɗauko waƙar nan da tsofaffi suka haddace. Tana kaiwa inda murya ke hawa sama, tsohon faifan ya yi ƙarar kwaɗo, sauti ya ɗauke. Baki na motsi a allo, babu murya. Aka fara yin fito ana buga kujeru.

Sai daga can layin baya wata murya ta ɗauki waƙar daidai inda ta yanke. Ta tsufa, ta ɗan dushe, amma ta haye wurin nan mai wuya ta sauko lafiya. Silima ta yi tsit.

Pestonji ya zabura. "Ku kunna fitila! Mogra ce, na rantse!"

Fitila ta kama. Kowa ya juya ga Banwari. Shi da ya ce da ido rufe, ga shi ido buɗe yana bin matan layin baya ɗaya bayan ɗaya, gumi na wanke rinin gashin bakinsa. Can ya nuna wata tsohuwa mai sayar da kifi. Ta ce ya kiyaye ta.

"Bar wahalar da mata," in ji Pestonji. "A zamaninmu wace 'yar mutunci za ta yarda ta tsaya gaban kyamarata? Gyalen nan ni na naɗa shi, don ɓoye ƙashin maƙogwaronsa na namiji. Taso, ɗan banza, shekara nawa ina cigiyarka!"

Kausalya ta soma cire takalminta a hankali, tana hararar mijinta. A layin baya kuwa wani ɗan tsamurmurin tsoho ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya haɗa hannu ya gaida jama'a.

"Abu ɗaya dai Banwari-ji bai yi ƙarya ba," in ji Sakharam. "Hannuna ya shafa kumatunsa. Kowace Lahadi, da sabulu da aska."