Kwali Biyu a Firij Ɗaya

Matar tela ta sake buga teburin likita, har bironsa ya gangara ƙasa.

Mijinta ya daɗe bai riƙe almakashi ba. Garkuwar jikinsa ce ta juyo tana cin gaɓoɓin yatsunsa. Asibitin ya sa shi cikin gwajin wata sabuwar allura, ɗan guntun furotin da ake kira feftayid, wai mai lallashin garkuwar ta daina faɗa da mai ita. Rabin majinyatan magani ake ba su, rabi ruwan gishiri. Kwalaben iri ɗaya ne, lamba a jikin kwali kawai. Likitan kansa bai san wa ya samu wanne ba. Masana suna alfahari da wannan rashin sanin.

Maƙwabcinsu direba ma yana cikin gwajin. Ba shi da firij, sai ya kawo kwalinsa ajiya wurinta, duk mako ya zo ya ɗauki kwalba. Tun allurar farko ya shiga shelar ya ji sauƙi, kamar yadda ya saba ji da kowane sabon magani. Tela kuwa shiru. Likita ya ce a yi haƙuri, abin ba ya kama jiki da wuri. Ita ba ta ga amfanin haƙuri ba.

Bayan 'yan watanni direba ya koma tuƙi, yana murza sitiyari da hannu ɗaya. Tela sai an sa masa maɓallin riga. Masu kawo ɗinki suka koma wani shago.

"Ba na mijina nake tambaya ba," ta ce wa likitan. "Me ke cikin kwalin direba?"

Ya ce ko ya sani ba zai faɗa ba. Ta kira shi mahauci mai farar riga, ta ɗan taɓo iyayensa.

Ranar da aka rufe gwajin, likita ya sanar da ita cikin taushi cewa maganin gaske aka ba mijinta, sai dai maganin bai karɓe shi ba. A baranda ta tarar da direba yana ƙyaƙyata dariya.

"Uwargida, kin ji ikon Allah? Ashe ruwan gishiri ne ya warkar da ni."

Ba ta zagi kowa ba. Tun mako na biyu, ita da hannunta ta kwashe kwalaben direba ta zuba a kwalin mijinta, ta mayar da na mijin cikin kwalin direba.