Igiyar da Ta Fito Babu Kowa

Kande, yau kwana arba'in da ɗaya da muka kai ki makwanci a bayan majami'a. Jiya Baba Irmiya, dattijon nan da ya tsaya mana ranar aurenmu, ya same ni zaune gindin ɗorawarki. Bai yi mini wa'azi ba. Ya dai zauna, ya cire hularsa, ya ba ni wani misali, ya tashi. Ga shi zan ba ki yadda na riƙe shi.

Wai an yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, sana'arsu haƙar rijiya. Ƙanen ne ke shiga rami da dagi, wan kuma shi ke riƙe igiya a sama. Wan nan yana ji sarai, amma ba ya magana, wani ciwo ya ɗauke masa murya tun yana yaro. Saboda haka duk zancensu a igiya yake. Kullum da safe shi da hannunsa yake ɗaura wa ƙanen igiya a ƙugu, ya ja ƙullin da haƙori, sannan ya zura shi. In ƙanen ya yi kira daga ƙasa, sai ya ji an ja sau ɗaya, wato ina nan. Guga ya hau da ƙasa ya sauko wayam, da rana ya sauko da fura mai sanyi. Doka ɗaya ce tak a aikin: a ƙasa mai rairayi, na sama ba ya matsowa bakin rami, don nauyin ƙafarsa kaɗai ya isa ya zabtaro ƙasa a kan na ciki. Shekara tara suna haka, ƙanen bai taɓa ganin fuskar wansa daga ƙasa ba, kuma bai taɓa kwana a rami ba.

Sai aka kira su wani ƙauye mai rairayi da nisan ruwa. Suka yi zurfin gaba goma, babu ko danshi. Suka yi sha biyar. Bakin rijiyar da ke kamar faifai ya koma kamar bakin tulu, iskar ciki ta yi nauyi, numfashi sai da ƙyar. Ran nan ƙanen ya cika guga, ya jira a ja, gugan bai motsa ba. Ya yi kira. Igiya ta amsa sau ɗaya. A da wannan ya ishe shi, amma yau duhu ya riga ya shiga zuciyarsa. Ya ce a ransa, ai iska ma tana kaɗa igiya, akuya ma in ta gogi gwafar da igiya ke bi ta kai, igiya za ta motsa. Wa ya sani ko ya ɗaure ni a itace ya tafi inuwa? Sai ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, leƙo in ga fuskarka." Igiya ta ja sau ɗaya. Ya ce, "Na gaji da zancen igiya. Shekara tara ina cikin rami dominka, ido nake so, leƙo!" Ba a leƙo ba. Ya ce, "To, shi ke nan. In kana nan, in kuma kana ƙaunata, yanzu za mu gani."

Ya sa hannu ya kwance ƙullin ƙugunsa, ya saki igiyar tana lilo. Nan take ta fara girgiza kamar macijin da aka taka, tana dukan kafaɗarsa, tana dukan fuskarsa. Ya gane abin da take faɗa, ɗaura, ɗaura. Amma ya harɗe hannu a ƙirji, ya kafa wa ɗan hasken nan ido, yana jiran kan mutum ya bayyana. Abin da bai sani ba, wan nasa ya bar guga ne don ya ga ƙasa ta tsage daga gindin gwafa, tsagar tana tafiya zuwa bakin rami. Na sama yana ganin abin da na ƙasa ba ya gani. Da rairayi ya fara zuba, wan ya kafe ƙafa ya fizgi igiya da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Ƙanen ya ga bakinta ya wuce ta gaban idonsa, ya kai hannu, ya kamo iska. Sai hasken ya rufe.

Kwana uku mutanen gari suna tono kafin su kai ga gawar ƙanen. Duk kwanakin nan wan yana zaune da igiyar a cinya, tafin hannunsa ya sale. Kowa ya zo ya duba ta, ba ta tsinke ba, ba ta ruɓe ba. Da hannu aka kwance ta.

Kande, ranar da kike kan gadon asibiti jini ya ƙi tsayawa, na fita bayan ɗakin na ce, "Yesu, in kana nan ka tashe ta in gani, in ba haka ba ni da kai mun rabu." Tun ranar ban yi addu'a ba. A sujada baki kawai nake motsawa. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko fasto, ko Inna, ko Baba Irmiya, kuma ban san yadda aka yi ya zo mini da wannan misali ba. Da zai tafi ya sa hularsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, Hausawa sun ce, garin neman gira aka rasa ido."