Uwar da Aka Bari a Baranda

Ranar da Martins ya ce wa matarsa ta jira shi a barandar asibiti, bai san ya bar maganar da za ta ceci 'yarsa a waje ba. Ku iyaye maza irina, ku karanta da kyau, domin kowannenmu yana iya yin wannan kuskure gobe.

Martins ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, mutum mai fara'a da son 'ya'yansa. Yana jin Turanci, saboda haka duk inda za a yi magana da manya shi ne a gaba. A watan Oktoba na 1991 'yarsa Clara, mai shekara uku, ta fara tari. Da suka isa asibiti sai ya karɓe ta daga bayan uwarta, Afiniki.

"Maman Clara, ki zauna nan. In kin shiga za ki cika wa likita kunne da surutu."

A ciki ya samu Dokta Kubra, sabuwar likita mai koyon aiki. Ta tambayi yadda tarin ya fara. Ya ce ruwan sama ne ya doki yarinyar, sanyi ya kama ta. Ba ƙarya ya shirya ba, abin da ya ɗauka ke nan. Aka ce namoniya ce, wato ciwon sanyin huhu, aka yi allurai, zazzaɓi ya sauka. Bayan sati uku ciwon ya dawo. A watan Janairu aka kwantar da Clara karo na uku, ta rame har ana ganin haƙarƙarinta. Afiniki ce ke jinya, amma in likitoci suka zo zagaye Martins ne ke amsawa. Sau biyu ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

Kowace Alhamis da safe babban likitan asibitin, Dokta Silvanus, yakan tara ƙananan likitoci a wani ɗaki mai allo, ɗaya ya karanta labarin maras lafiyar da ya gagare shi. Dattijon ba ya tsawa, kuma ba ya ba da amsa. Tambaya yake yi har mutum ya gano da kansa.

Dokta Kubra ta karanta labarin Clara. Dattijon ya ɗaga hotunan ƙirjin yarinyar guda uku a jikin taga.

"Ina ciwon yake a na farko?"

"Gefen dama, sa."

"Na biyu da na uku fa?"

"Dama, wuri ɗaya."

"To wannan sanyi ya kama ɗaki a can ne?" Aka yi dariya. "Me zai sa ciwo ya riƙa komawa wuri ɗaya?"

Dokta Kubra ta ce a hankali, "Sai dai in wani abu ya toshe hanyar iska."

"Madalla. Wa ya ba ki labarin farkon tarin?"

"Babanta."

"Yana gida ranar?"

"Ban tambaya ba, sa."

"Ni ma ina kamarki na taɓa ƙin tambaya, har yau abin yana damuna. Je ki kira su, su biyun."

Martins ya shigo yana gyara wuyan riga, ya fara bayani da Turanci. Dattijon ya tsayar da shi da murmushi.

"Baban Clara, ranar da tarin ya fara kana ina?"

"Ina kan jirgi, oga, hanyar Makurɗi. Bayan kwana biyu na dawo."

"To ga kujera, ka huta. Madam, ke muke saurare."

Afiniki ta dubi mijinta, sannan ta ce, "Ranar ba a yi ruwa ba, dokta. Ina ɓare gyaɗa, Clara ta cika bakinta, sai kaza ta yi tsalle cikin tire. Yarinyar ta fashe da dariya, ta ƙware, idonta ya fito. Na bubbuga bayanta ta dawo daidai. Tun ranar ƙirjinta yake ƙara kamar usur. Na so in faɗa, Baban Clara ya ce maganar mata ce."

Dokta Silvanus ya juya ga ƙananan likitocin. "Ku rubuta. Yau ga malamarku nan." Martins ya sunkuyar da kai.

Washegari aka tura su babban asibiti a Jos. Aka zura wa Clara wani siririn bututu mai fitila ta maƙogwaro, aka ciro rabin ƙwayar gyaɗa, ta yi baƙi ƙirin. Aka ba su ita a 'yar kwalba.

Ranar da suka dawo, matan zumunta na cocinsu suka tarye su a tasha da waƙa da ganga. Ran Lahadi aka yi godiya a coci, Martins da kansa ya ɗaga kwalbar ya faɗi laifinsa a gaban jama'a. Abokan aikinsa suka sa masa suna Dokta Sanyi, yana amsawa da dariya. Clara ta yi kumatu, ta koma korar kaji.

Sai dai likitocin Jos sun ce wata ukun da gyaɗar ta yi a ciki ya lalata ƙasan huhun dama. Da a satin farko aka ciro ta, da ko tabo babu. Yanzu in Clara ta yi gudu takan tsaya ta dafa gwiwa tana haki, uban kuma ya kau da kai.

Darasin a fili yake: in an je gaban likita, a bar wanda ya ga abin da ya faru ya yi magana, likita kuma ya tambayi wa ke wurin. Ko huhun Clara zai warke sarai in ta girma, ko za a yi mata aiki nan gaba, har yau likitocin ba su sani ba, iyayenta ma ba su sani ba.