Sunan da Ke Kan Layin

Me zai sa mutum ya ɗauki laifin da ba nasa ba? Har yau Yaya bai sani ba.

Manhajarsu kyauta ce, kowa na iya kawo gyara. Aikinta ta karanta umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, ta rarrabe shi. Rannan layi ɗaya a rubutun manhajar ya sa ta shaƙe, aikin dubban mutane ya tsaya. Yaya, jagoran aikin, ya sanar cewa wanda ya rubuta layin korarre ne.

Rajistar da ke ajiye suna a kan kowane layi ta nuna sunan ƙanensa, Auta.

"Ga gyara na turo, Yaya."

"Gyaran uban wa? Ba zan karɓa ba. Fita!"

"Ubanmu dai ɗaya ne," in ji Auta, ya ɗauki jakarsa ya fice.

Don ya ƙara tozarta shi, Yaya ya tono tarihin layin. Rajistar dai sunan wanda ya taɓa layi a ƙarshe take nunawa. Tazara ɗaya kawai Auta ya ƙara tsakanin kalmomin layin, minti biyar bayan sanarwar, sunansa ya hau kai. Ainihin layin kuwa, Yaya ne ya rubuta shi shekara uku baya.

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar. Sannan ya buɗe gyaran Auta, ya karɓa.