Jakar da Wendell Ya Zaɓa

Igiyar jakar goyon Wendell Pruitt ta tsinke ne wata ranar Asabar yana fitowa daga mota, saura kaɗan kwamfutarsa ta aiki ta sha ƙasa. Matarsa Loretta ba ta tsaya jin ta bakinsa ba, ta ce su wuce kanti a sayo wata.

Wendell ma'aikacin inshora ne a garin Tulsa, kullum yana kan hanya. Abu biyu ne ba ya rabuwa da su, kwamfutar da ƙaramar bindigarsa. Yana da takardar izinin riƙe ta, kuma a cocinsu shi ne shugaban masu kula da tsaro. Duk inda aka zauna da shi sai ya kawo zancen yadda ake riƙe makami.

A kantin, Loretta ta ɗauko wata baƙar jaka mai kauri da ɗinki mai ƙarfi. Aljihun kwamfuta daban, sannan ga wani ɓoyayyen aljihu ta baya, da kube a ciki wanda ke rufe kunamar bindiga, har da wurin sa kwaɗo.

"Ga taka nan," in ji ta.

Wendell ya yatsine fuska. "Wannan? Sai ka ce mai tafiya yaƙi. Duk wanda ya gan ni da ita ya san abin da na ɗauko."

Ya miƙa hannu ya ciro wata ta fata, ruwan ƙasa, mai laushi da sheƙi, amma cikinta ɗaya ne.

"To ina za ka sa bindigar?"

"A ƙasa mana, kwamfuta a sama."

"Haka tsirara? Tare da biro da makullai da wayar caja?"

"Loretta, tun kafin in san ki nake riƙe bindiga. Ba ta tashi da kanta."

"Allah ya huci zuciyar gwani," ta ce, ta mayar da baƙar jakar inda ta ɗauko ta.

Da suka koma gida ya gwada sa bindigar da tsohon kubenta, sai ya ga jakar ta yi ƙullutu, kyanta ya ɓaci. Ya zare kuben ya jefa a durowa.

Bayan 'yan makonni aka yi cin abincin yammacin Laraba a coci, aka ce Wendell zai yi wa jama'a jawabi kan tsaro. Ga soyayyiyar kaza, ga wake, ga burodin masara. A kujerar gaba akwai Mama Odessa Tillman, tsohuwar da ke kaɗa musu fiyano tun Wendell yana rarrafe. Ta turo masa faranti.

"Ɗana, ci kafin ka fara. Jawabi da yunwa ba ya daɗi."

Ya kunna kwamfuta, taken jawabin ya fito a jikin bango da manyan baƙaƙe: YADDA ZA MU KARE JUNA. Ko gaisuwa bai gama ba sai kwamfutar ta nuna caji ya kusa ƙarewa.

Wani abokinsa mai suna Curtis ya ɗaga murya daga baya. "Shugaban tsaro, batir ma ya gagare ka tsarewa!"

Wuri ya ɗauki dariya. Wendell ya ji haushi, ya cusa hannu cikin jakar da ke kan tebur ba tare da ya duba ba. Ya kamo wayar caja, ya ja, ta maƙale. Sai ya fizge ta da ƙarfi.

Ƙarar harbin bindiga ta cika ɗakin. Mutane suka zube ƙasa, iyaye suka danne 'ya'yansu. Wendell kaɗai ne a tsaye, yana kallon hujin da ke jikin fatar jakar. Sai da ya ji nishi sannan ya juya. Mama Odessa ce riƙe da hannunta na dama, jini yana bin rigarta.

Bayan motar asibiti ta tafi da ita, wani ɗan sanda ya buɗe jakar a gaban kowa. Wayar cajar ta naɗe kunamar bindigar tam.

"Ina kubenta?" ya tambaya.

Wendell ya sunkuyar da kai. "Yana gida."

Likitoci sun ceto hannun, amma yatsu uku sun daina motsi. Aka kai Wendell kotu, aka karɓe bindigar da takardar izinin. Duk wannan bai ci masa rai kamar shirun Loretta ba, domin ko sau ɗaya ba ta ce masa ai ta gargaɗe shi ba. Ya daina zuwa coci. Idan ya hango wanda ya sani a kanti, sai ya sauya layi. Yakan je har harabar asibitin, ya zauna cikin mota, ya kasa fitowa, ya juya gida.

Ranar da ya daure ya shiga, ya tarar da tsohuwar zaune a kan gado, hannunta naɗe da bandeji.

"Mama," ya fara, "tsautsayi ne..."

"A'a, Wendell." Ta girgiza kai. "Na yafe maka tun ina cikin motar asibiti. Amma kada ka kira shi tsautsayi. Zauna."

Ya zauna a gefen kujera kamar baƙo. Ta nuna robar ruwa da ke kusa da ita.

"Buɗe mini. Tun safe nake kallonta, na kasa."

Ya buɗe, ya riƙe mata har ta sha, hawaye na zuba masa, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Mai karatu, duk wanda ya ɗauki makami ya ɗauki alhakin rayukan da ke kewaye da shi. Ka ba shi mazauninsa daban, a rufe, a kulle, kuma kada ƙwarewa ta sa ka raina gargaɗi, domin sau da yawa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi ne ke ɗaukar raunin sakacinka.